Jirgin Ƙarfe Bakwai da Rabi

Na yi allurata da asuba, a gefen cinya,
idona na kan agogo.
Shinkafa na kan wuta, ba ta nuna ba,
jirgin Alappuzha kuwa ba ya jiran kowa.
Na ce in na isa makaranta na ci.
Na kwashi littattafan yara, na rufe tukunya.

Wata bakwai ke nan kina zaune a cikina,
wata biyu da likita ta ce akwai sukari a jinina,
irin wanda ciki ke zuwa da shi.
Tun ranar nake auna loma kamar mai awon zinariya,
dare da rana ina tsoron hawansa.
Ashe saukarsa ta fi sauri.

Mun wuce gonakin da ruwa ya fi su tudu,
agwagi sun cika mashigi,
sai jan biro ya soma rawa a hannuna.
Na ce injin ne. Na dafa benci, benci na nan daram.
Zufa ta keto mini, ga iska na kaɗawa,
zufa mai sanyi har cikin tafin hannu.
Ƙirjina na dukan uku-uku,
leɓɓana kamar kiyashi na bi,
kowace bishiyar kwakwa a gaɓa ta yi tagwaye.

Kuriakose mai yankan tikiti ya ce, Malama, ga canjinki.
Na daka masa tsawa,
ni da shekara shida ban taɓa ɗaga masa murya ba.

Wata tsohuwa ta ture kwandon kifinta da ƙafa,
ta matso, ta leƙa fuskata.
Kin karya kuwa? Na girgiza kai.
Allura fa? Na ɗaga.
Ta ce, haka matar ɗana ta yi mana a coci bara.
Ina abin awonki?

Sau biyu yatsana na kuɓuce wa tsinken.
Ɗigon jini. Hamsin da takwas.

Ta kwance bakin zanenta,
ta ɓallo mazarƙwaila kamar girman babban yatsa.
Na ce an hana ni.
Ta ce, wanda ya hana ki, shi zai ce ki sha yanzu.
Na tsotsa. Wata biyu rabona da zaƙi,
na ji shi yana gangara kamar ruwan fari a busasshiyar ƙasa.

Na so in cinye ƙullin duka, ta riƙe hannuna.
Kwata ɗaya tukuna, in ji ta.
Muka ƙirga shi da matsaya:
ta coci, ta masu igiyar kwakwa, ta shagon shayi.
Sittin da shida. Ta ƙara ɓallowa.
Matsaya uku kuma. Tamanin da huɗu.
Bishiyoyi suka koma ɗaiɗai.

Kuriakose ya dawo da wainar shinkafa da dafaffen ƙwai,
abincin ranarsa ne, na sani.
Na ba shi haƙuri, ya ce injin ya hana shi ji.

Daga gaɓa na kira Mariamma, nas ɗinmu.
Ta yi faɗa, sannan ta yi dariya, sannan ta ce in rubuta:
lokaci, lamba, abin da na ci,
in zo da yamma likita ta duba yawan allurar.
Ta ce in gaya wa na gida,
in suka tarar na suma kada su ɗura mini komai,
asibiti kai tsaye.

Tsohuwar ta sauka kafin in tambayi sunanta.
Thankamma, in ji Kuriakose, daga Kainakary.

Yanzu a jakata, tsakanin alli da rajista,
akwai ƙulli uku na mazarƙwaila.
Ke kuwa, duk tsawon abin nan kin yi lamo.
Sai da na tsaya gaban allo,
na rubuta kwanan wata,
kika harbe ni a ƙarƙashin haƙarƙari
har allin ya karye.